Kun Tambaya, Mun Amsa: Idan Hannu Ya Ƙi Rubutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a wata jami'a a nan Legas, gidanmu yana Agege. An amince da batun kundina tun farkon zango, na tara maƙaloli na karanta. Amma da na buɗe kwamfuta zan fara babi na ɗaya sai gabana ya riƙa faɗuwa, tafin hannuna ya jiƙe, in rubuta layi biyu in goge, ƙarshe in tashi in kama wanke-wanke. A gida an fara cewa lalaci ne. Ko dai ba ni da kan karatu ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Malalaci ba ya tara maƙaloli ya karance su, don haka ki cire wannan zance daga ranki. Abin da ke damunki fargabar rubutu ce, kuma masana sun daɗe suna nazarinta. A 1975 John Daly da Michael Miller suka fito da ma'auni mai tambayoyi 26 a Amurka don gwada ta, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna masu fama da ita sukan gajarta rubutunsu, su riƙa kauce wa darussa da ayyukan da ke buƙatar yawan rubutu. Wanda ya fi kusa da halinki shi ne ma'aunin Yuh-show Cheng na ƙasar Taiwan a 2004, mai tambayoyi 22, domin an yi shi ne saboda masu rubutu da harshen da ba nasu ba. Ya kasa fargabar gida uku: ta jiki, ta tunani, da ta gudu. Faɗuwar gaba da gumi ta jiki ke nan, "ko ba ni da kan karatu" ta tunani, wanke-wanken nan kuma shi ne gudun.

Ga inda gizo ke saƙar. Linda Flower da John Hayes sun bayyana a 1981 cewa rubutu ayyuka uku ne: tsara abin da za a faɗa, zuba shi cikin jimloli, sannan dubawa da gyara. Ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda. Ke kuma kina yin ukun tare, ga na huɗu, wato neman kalmar Turanci alhali tunanin da Hausa ya zo, ga kuma fuskar malamin da zai duba tana tsaye a zuciyarki. Kamar a ce wa tela ya auna, ya yanka, ya ɗinka, ya goge duk a zama ɗaya ne, ba ko hannun riga da zai fita. Mike Rose, da ya bibiyi ɗaliban da rubutu ke cije musu a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, ya tarar da yawansu suna ɗaure kansu da ƙa'idojin da ba su lanƙwasuwa, irin su dole sakin layi na farko ya fito tsaf kafin a wuce gaba, suna kuma gyara tun ba su gama faɗin maganar ba. Goge layi biyun da kike yi ke nan.

Saboda haka ki ajiye babi na ɗaya tukuna. Gabatarwa ta fi kowane sashe wuya, domin tana gabatar da abin da ba a rubuta ba. Fara da inda kika fi sani, yawanci babin hanyoyin bincike: su wa za ki tambaya, mutum nawa, a ina, da wane irin tambayoyi. Kafin ki taɓa kwamfuta, kunna naɗar murya a wayarki ki yi bayanin sashen da Hausa na minti 5, kamar ƙanwarki kike faɗa wa. Saurara, ki fitar da maganganu huɗu ko biyar a takarda. A nan ake yawan yin kuskure: kada ki fassara naɗin jimla bayan jimla, Turancin zai fito a karye, ki ƙara tsorata. Maganganun kawai za ki ɗauka, ki sake faɗinsu da Turanci mai sauƙi.

Daga nan ki saita agogo minti 10 ki yi ta rubutu ba tsayawa, ba gogewa, ba duba ƙamus. Wannan dabarar Peter Elbow ya yaɗa ta a 1973. Kalma ta ɓace miki, sa ta Hausa ki ja layi a ƙarƙashinta ki wuce. In jan layin da kwamfuta ke yi a ƙarƙashin kuskure yana tsayar da ke, kashe shi, ko ki koma biro da takarda. Gyara sai gobe, a zama dabam.

Batun lokaci shi ne ya fi damun ɗaliban Legas, kuma mun fi ba shi muhimmanci. Wadda ta fito daga Agege da duku-duku, ta sha cunkoso a Oshodi, ta dawo bayan isha'i, takan ce bari Asabar ta zo ta zauna wuni guda. Asabar ta zo, aikin ya yi girma a ido, ga biki, ga wuta an ɗauke. Binciken Robert Boice a kan malaman jami'a ya nuna masu rubutu kaɗan-kaɗan kullum sun fi masu jiran dogon zama yawan abin da suke kammalawa. Minti 30 bayan sallar asuba, kalma 250, kwana shida a mako, kin sami kalma 1,500. Zaman danfo ko BRT kuma ki bar shi don sauraron naɗin da tsara maganganun gobe. Duk ranar da za ki tashi, ki rubuta layi ɗaya: "gobe zan fara da kaza." Wannan layin yana rage fargabar buɗe shafi ƙwarai.

Wajen mai duba kundin, kada ki jira sai babi ya cika. Kai masa shafi uku, ki ce, "Malam, tsarin nake so a duba mini, Turancin zan gyara daga baya." Amma idan faɗuwar gaban tana zuwa ko ba a gaban rubutu ba, ko barci da cin abinci sun lalace fiye da mako biyu, to ki je sashen ba da shawara na makarantarku ko ki ga likita, wannan ya wuce maganar kundi.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12. Yarona zai zana WAEC bana. Tambayoyin zaɓi yana cin su, amma da an zo insha'in Turanci sai ya daskare, wani lokaci rabin shafi yake miƙawa. Malamin lesin ya ba shi insha'i biyar ya haddace. Hakan ya yi?

Amsa: Alhaji, hadda ba ta magance wannan. Ranar da tambaya ta zo dabam da abin da ya haddace, tsoron zai ninka, in kuma ya juye haddar a inda ba ta dace ba, makin ƙunshiya ya tafi. Gara ya san yadda ake rabon makin. Insha'in WAEC maki 50 ne, ana son kalma 450 cikin kusan minti 50: ƙunshiya 10, tsari 10, iya sarrafa harshe 20, sai ƙa'idojin rubutu 10, inda ake cire rabin maki a kan kowane kuskure. Yara da yawa tsoron kuskuren harafi ke hana su rubutu, alhali duk abin da za a cire a wannan gurbin bai wuce 10 ba, rabin shafi kuwa yana taɓa makin ko'ina.

Ya raba lokacin haka: minti 8 na zaɓen tambaya da jera maganganu biyar, minti 35 na rubutu, minti 7 na dubawa. Kalma 450 sakin layi biyar ne masu kalma 90, kuma yaron da ke tsoron shafi biyu ba ya tsoron layi tara ko goma. Ya riƙa yin insha'i ɗaya da agogo kowane mako har zuwa jarrabawa, wasiƙa wannan mako, muhawara ko labari mako na gaba.

Akwai kuma abin da Gerardo Ramirez da Sian Beilock na jami'ar Chicago suka wallafa a 2011: ɗaliban da suka yi minti 10 suna rubuta damuwarsu dab da jarrabawa sun fi samun maki, musamman waɗanda tsoron ya fi yi wa yawa. Ba kowa wannan dabarar take yi wa aiki ba, amma ba ta cin ko kwabo. Ya yi da Hausa in ya ga dama, ya yage takardar kafin ya shiga ɗakin jarrabawa. Naka aikin, Alhaji, ko ba ka karanta Turanci, ka sa shi ya faɗa maka abin da ya rubuta, ka yi masa tambaya a kai, kada kuma a riƙa gwada shi da ɗan wane.

Tambaya: Ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandare a Idi-Araba. Yarana da Hausa, Yarbanci da buroka suka tashi. Shin in daina jan biro a littattafansu?

Amsa: Malama, kada ki daina, ki rage. Masana sun yi ta muhawara kan amfanin gyaran nahawu tun da John Truscott ya soke shi a 1996, Dana Ferris ta mayar masa da martani. Mu dai abin da muke ba da shawara shi ne ki zaɓi kuskure iri biyu a kowane aiki, misali lokutan aikatau da aya, ki sanar da yaran tun kafin su fara, sauran ki ɗaga musu ƙafa zuwa wani mako. Ki fara da jimla ɗaya a kan abin da yaron ya faɗa, ki ba shi dama ya sake rubutawa kafin ki sa maki. Sau biyu a mako kuma su yi rubutun minti 5 a littafi dabam wanda ba za ki sa masa maki ba, ki dai ƙirga layukan ki ga ko suna ƙaruwa zuwa ƙarshen zango.