Tsohon hedifon Baba: sabuwar igiya za ta gyara sautinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba mai gyara. Na gaji wani tsohon hedifon ƙirar Pioneer daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Babba ne mai nauyi, an rubuta ohm 8 a jikinsa, igiyarsa kuma irin mai nannaɗewar nan ce. Yanzu kunnen hagu yana ɗaukewa sai na murɗa igiyar, sautin ma ya dushe. Wani abokina ya ce in sayo igiyar azurfa daga waje, wai sauti zai fi na sabo. Ni kuma na fi so in haɗa igiyar da hannuna. Shin zai yiwu? Kuma da gaske sautin zai ƙaru? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Na ji daɗin wasiƙarka, don yaran yanzu da abu ya fara ciwo sai su wurgar, ga shi kai ka san da tsohuwar zuma ake magani. Zai yiwu ƙwarai, kuma kuɗin da za ka kashe bai taka kara ya karya ba.

Maganar azurfa kuwa, ka bar kuɗinka a aljihu. Gaskiya ne azurfa ta fi jan ƙarfe sauƙin wuce da wuta, amma da kusan kashi 6 cikin 100 kawai. Idan ka ɗan ƙara kaurin jan ƙarfen, ka cike wannan giɓin har ka wuce. Igiya ba ta ƙirƙirar sauti. Aikinta ta kai abin da aka ba ta ba tare da ta zubar a hanya ba. Taka tana zubarwa, shi ya sa za ka ji bambanci idan ka canza ta. Hedifon irin wannan na shekarun 1970 ne, ya kusa ko ya haura shekara 50. Robar igiyar ta sha hunturu ta bushe ta tsattsage, damina ta shiga ta tsagar, silin jan ƙarfen da ke ciki sun yi kore sun kakkarye, saura biyu ko uku ke riƙe da hanyar. Murɗawar da kake yi haɗa bakin karayar kake yi.

Akwai wuri ɗaya da igiyar da ka haɗa da kanka za ta iya fin ta kamfani, kuma a nan nake so ka natsu. Yawancin tsofaffin igiyoyi sili uku ne: na hagu, na dama, sai na uku da kunnuwan biyu suke tarayya a kansa don komawar wuta. Siririn sili mai lamba 26 a ma'aunin kaurin waya, tsawon mita 3, yana da turjiya, wato tauye wutar da ke bi ta cikinsa, kusan ohm 0.4; ohm shi ne ma'aunin turjiya. A kan lasifika mai ohm 8 irin taka, wannan kashi 5 cikin 100 ke nan, kuma gwargwadon haka ne sautin hagu yake lallaɓawa ya shiga dama, na dama ya shiga hagu. Idan ka yi sili huɗu, kowane kunne da nasa biyu, ba su haɗu ba sai a can cikin kan jak, wato ƙarfen da ake sokawa a rikoda, wannan kutsen ya kusa ƙarewa. A faifan da aka ɗauka da sitiriyo na gaske za ka ji kowane kayan kiɗa ya tsaya a gefensa. Amfanin ƙarami ne, amma na gaske ne, mitar auna wuta ma tana nuna shi.

Wajen sayen kaya, ka nemi kebul ɗin makirfo mai sili huɗu a wurin masu kayan lasifika. Idan bai samu ba, ka fere kebul ɗin intanet mai laushi, wanda ake jona kwamfuta da shi, za ka tarar da sili takwas, ka ɗauki huɗu. Kada ka ɗauki mai sandararren sili guda irin wanda ake bi da shi cikin bango, ba ya jure lanƙwasa. Kuma ka yi hattara, kasuwa ta cika da jabu. Ka kankare silin da reza: idan cikinsa fari ne, goran ruwa ne, wato alminiyam, aka shafa wa jan ƙarfe, ba ya kama dalma da kyau, ga saurin karyewa. Idan maganadisu ya ja shi, baƙin ƙarfe ne. Na ƙwarai ja ne har cikinsa. Tsawon mita ɗaya da rabi ya isa, sai dai in za ka zauna nesa da rikoda. Ka kitsa silin huɗun, in ba ka iya ba ƙanwarka za ta yi maka cikin minti goma, sannan ka zura su cikin igiyar takalmi mai rami a tsakiya. Tana kare su, kuma ba ta ƙara idan ta goga a riga.

Kafin ka cire komai, ka buɗe kunnen ka ɗauki hoton yadda aka jona silin. Ka ɗora mita a kan kowace lasifika. Idan ta nuna kusan 8, lafiya lau. Idan ba ta nuna komai ba, ciwon ba na igiya ba ne, ka dakata ka sake rubuto mini. In igiyar ta kunne ɗaya take shiga, akwai wasu sili da suka bi ta kan bakan da ke zama a bisa kai zuwa ɗaya kunnen, su ma ka auna su kana lanƙwasa bakan a hankali.

Haɗarin aikin duka yana wurin narka dalma a jikin lasifika. Silin da ya fito daga cikinta siriri ne ƙwarai, kuma a kan roba aka kafa 'yan ƙarafan da ake liƙa shi. Dalmar gyaran rediyo tana narkewa a wajen digiri 185, robar kuwa ba ta jure wannan zafin. Ina saurayi na taɓa jinkirta ƙarfen a kan lasifikar wani dattijo, robar ta narke, silin ya tsinke ya koma ciki. Mutumin bai yi mini faɗa ba, ya karɓi kayansa ya tafi, har yau ina jin nauyin abin. Garin neman gira aka rasa ido. Saboda haka ka fara shafa wa bakin sabon silin dalma tun a waje, sannan ka ɗora shi ka taɓa da ƙarfen daƙiƙa biyu, ka ɗaga. In bai kama ba, ka bari ya huce tukuna. Idan hannunka bai saba ba, ka bar ɗan guntun tsohon silin a jikin lasifikar, ka jona sabon a kansa.

A kan jak, tsinin gaba na hagu ne, zoben tsakiya na dama, dogon jikin na baya shi ne mahaɗar silin komawa biyu. Kada ka juya fuskar sili a kunne ɗaya, domin idan lasifika ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, kaurin ganga zai ɓace, murya ta rasa mazauni a tsakiyar kai. Ka gwada da batir mai bolt 1.5, taɓawa ɗaya ka cire: fatun lasifikan biyu su motsa fuska ɗaya. Ka ƙulla igiyar ƙulli guda daga cikin kunnen, yadda in an fizge ta ƙullin ne zai sha, liƙin dalma ya tsira.

Dushewar da ka ambata kuma, ina kyautata zaton rabinta daga soso take. Matashin kunnen idan ya lotse ko ya tsage, iska tana fita, sauti mai kauri ya bi ta. Ka kai wa masu ɗinkin kujerar mota su yanka maka sabon soso su rufe da leda mai taushi daidai kaurin na asali. Sau da yawa wannan ya fi igiyar canza sauti.

TAMBAYA: Malam, na sayi tsohon Sennheiser HD 414 a wurin 'yan gwanjo, amma a wayata da ƙyar nake jin sa. In canza igiya? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, kin yi tsintuwa. A 1968 aka fito da wannan samfurin a Jamus, shi ne hedifon na farko mai buɗaɗɗen baya, kuma na farko-farkonsa ohm 2000 ne. Wayar hannu ba ta da ƙarfin tura shi. A kan ohm 2000, turjiyar igiya ba ta kai a lissafa ta ba, don haka canza ta ba zai ƙara miki ko kaɗan ba. Ki samo ƙaramar amfilifaya ta hedifon, ko ki jona shi a tsohuwar rikodar gida mai babban ramin jak na milimita 6.35. Igiyarsa cirewa ake yi daga kunnuwan, ki zare ta ki goge bakin ƙarafan da auduga da ɗan sifirit, ki mayar.