Kek ɗin bazday na mai ciwon sugan ciki

Toh 'yata, na ga saƙonki. Kin ce bazday ɗin abokiyar aikinmu ya matso, ga shi a wajen awo an ce mata tana da ciwon sugan masu ciki, shine kike tambaya ko ki yi mata kek ɗinmu na kullum amma ki cire suga ki zuba zuma ko dabino. Allah ya yi miki albarka da kika tuna da ita, amma kar ki soma.

Zuma ai suga ce, a giram 100 kusan 80 duk suga ne, busasshen dabino ma ya haura 60, jiki ba ruwansa da cewa wannan daga ƙudan zuma ya fito wancan daga kamfani. Kuma abin da yawancin masu koyo ba sa lura da shi shine fulawar kanta. Farar fulawa sama da kashi 70 cikin 100 sitaci ne, tana shiga ciki ta narke ta koma suga a jini, kinga ko kin cire sugan kaf kin bar fulawa yadda take ba ki yi mata komai ba, sai ma kin ɓata kek ɗin. Dan suga a kek ba zaƙi kaɗai yake bayarwa ba, shi ne idan kin buga shi da bota yake kama iska kek ya tashi, shi ke riƙe danshi, shi ke sa saman ya yi ja mai kyau. Ki cire shi ki gani, abu zai fito miki fari fat a cushe, washegari ya bushe kamar katako.

Ki fahimci ciwon tukunna. Mabiyiya ce take fitar da sinadaran da ke hana insulin, wato sinadarin da ke rage suga a jini, aiki sosai, shi ya sa ake gwajin tsakanin sati 24 zuwa 28, kuma yawanci yana tafiya bayan haihuwa. Ba kwaɗayi ne ya jawo mata ba, dan haka kar in ji wani a wajen aiki yana mata wannan tsokanar. Tana huda yatsa tana gwada sugan jininta bayan kowane abinci, galibi likitoci suna so ya zauna ƙasa da 140 (a ma'aunin mg/dL) bayan awa ɗaya, ko ƙasa da 120 bayan awa biyu. Idan sugan yana yawan hawa yaron ne ke kwasa, ya yi girma ya wuce kilo 4 haihuwa ta zo da wahala. Ita wannan lissafin take yi a ranta duk lokacin da aka miƙo mata faranti, mu kuma muna ta "ci mana, ai yau ɗaya ce".

Kafin ki kunna obin ki je ki tambaye ta, ke da ita, ba a gaban mutane ba. Na san kuna so ku yi mata bazata amma wannan ba wajen bazata bane. An riga an ba ta adadin sitacin da za ta ci a kowane zama, wata ma tana allurar insulin, kuma abin da ke tayar da sugan wata ba shi ke tayar da na wata ba. Ƙila ta ce yanka ɗan siriri na kek ɗin gaske take so ta rage a wani wuri, ƙila ta ce sam ba ta son ganin kek. Duk wanda ta faɗa shikenan.

Idan ta bar miki zaɓi, ni dai cizkek zan yi, irin wanda ake gasawa. Kusan dukkansa kirim ciz ne da ƙwai da kirim, fulawa babu ko kaɗan ce, ƙasan kuma maimakon biskit ki yi shi da garin almon da bota. Wuta ƙasa-ƙasa kamar digiri 150 zuwa 160 na salshiyos, ki ɗora gwangwanin cikin tire mai ruwan zafi, ki kashe obin tun tsakiyar tana ɗan rawa in kin girgiza, ya huce a hankali dan kar ya tsage, sannan ya kwana a firij. A sama ki jera sitiroberi, shi sugansa kaɗan ne kuma ya fi kowane ado kyau. Fondan, wato kwaɓin da ake lulluɓe kek da shi, da aisin suga ki manta da su, suga ne zalla.

In kuma kek sak take so to garin almon ne, amma ki sani ba shi da danƙon da ke riƙe kek irin na fulawa, sai kin ƙara ƙwai, kuma yana saurin ƙonewa, ki rage wutar daga 180 da kika saba. Ki tambaya ko akwai wanda almon ke wa illa a cikinmu.

Maganar abin zaƙin da ake sawa a madadin suga kuwa a nan mutane ke shan ruwa. Sitibiya ta ninka suga zaƙi sau ɗaruruwa, ɗigo kaɗan ya isa amma ba ta da jiki, ba za ta cike gurbin kofin suga a kwaɓi ba, in ta yi yawa kuma ɗaci take bari a harshe. Eritiritol zaƙinsa kamar kashi 70 na suga ne, yana da wani sanyi-sanyi a baki, kuma in abu ya huce yakan dawo ƙus-ƙus, ki niƙa shi ya yi laushi kafin ki zuba. Wanda aka rubuta maltitol a jikinsa ki ajiye, yana tayar da suga kuma yana sakin ciki. Ki ɗauki hoton kwalin duk wanda za ki sa ki tura mata ta nuna wa likitanta, ke mai kek ce ba likita ba, nima haka.

Kar ki manta kuma mai ciki ce ba mai suga kawai ba. Ɗanyen ƙwai bai shiga, wato duk wani kirim da ba a dafa ƙwansa ba ki bar shi, madara da cuku kuma sai waɗanda aka tafasa a kamfani.

Abu ɗaya za a yanka kowa ya ci. Ba na son a ajiye ƙaton kek mai aisin a tsakiya ana ta santi ita kuma a tura mata nata a gefe a ɗan kofi kamar mara lafiya a gadon asibiti, ranarta ce fa. Lemon kwalba da jus su ma kar a kawo, ruwan sanyi da yankakken lemon tsami ya wadatar. A yi shi bayan abincin rana lokacin da ta riga ta ci nama ko ƙwai da ganye, da safe sugan masu ciki ya fi saurin hawa, in an gama ku ɗan taka da ita na minti 10 zuwa 15.

Ki fara gwada ƙarami a gwangwanin kofkek kwana biyu kafin ranar ki kawo min in ɗanɗana, kuma ki rubuta giram ɗin duk abin da kika zuba a takarda, za ta nema dan ta yi lissafinta.