Ku fara da fili kafin ku sayi komai

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce kai da abokanka kuna haɗa ƙananan jirage masu rimot, kowa yana tashin nasa inda ya samu, yanzu kuna son zama ƙungiya, kana tambaya me za ku fara saya da kuɗin da kuka tara. Ni na daɗe ina riƙe da irin wannan ƙungiya, kuma shawarata ita ce ku ajiye kuɗin tukuna. Abin da ke kashe ƙungiya rashin fili ne da rashin yardar mutanen da ke kewaye da shi.

Ka san halin da ake ciki a Arewa: duk abin da ya bi ta saman kan mutane yana tayar da hankali. Tun watan Mayun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar cewa ba a tashin jirgi marar matuƙi a Najeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Jami'in da ya hango abu a sama ba zai tsaya tantance ko na soso ne ko mai kyamara ba. Don haka ku nemi hukumar ku ji sharuɗɗanta na yanzu, sannan ku ɗauki jirgi ɗaya ku je wurin mai unguwa da ofishin 'yan sandan yankin. Ku bari su ɗaga shi su ji rashin nauyinsa, ku faɗa musu ranar da kuke fitowa da lokacin tashi. Ku nisanci filin jirgin sama da barikin soja. Idan a Zariya kuke, ku tuna jiragen ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgi suna yawo ƙasa-ƙasa. Iyakar nisan tashi sama da ƙasashe da yawa suka sa ita ce mita 120, wato ƙafa 400, mu ma a nan muke tsayawa.

Filin ya zama babu wayar lantarki ko ƙarfen sabis a kusa, kuma rana ta kasance a bayanku. Da sassafe iska ta fi kwanciya. In gona ce da ake bari da rani, ku yi magana da mai ita tun yanzu kan yadda za a yi idan damina ta faɗi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, yara. Da zarar sun ji ƙarar farfela za su cika wurin, kuma ina murna da zuwansu, don a cikinsu ake samun masu gadon abin. Amma jirgi na taɓa ƙasa sai su ruga su ɗauko shi. Na ga yaro ya miƙa hannu daidai hancin jirgi alhali batir na haɗe, babban yatsan matuƙin kuma yana kan sandar wuta, wato sandar rimot da ke ba inji gudu. Allah ne ya kiyaye. Farfelar roba tana juyi dubbai a minti ɗaya, tana yanka kamar aska. Saboda haka kowace fita muna ɗaura igiya, 'yan kallo a bayanta, kuma mutum ɗaya ba ya taɓa rimot a ranar, aikinsa tsaron fili kawai. Maganarsa ce ta ƙarshe, ko shugaba ne, in mai tsaron ya ce masa ya sauko sai ya sauko. Matuƙi kuma dole ya ɗaga murya: "Zan tashi!", "Zan sauka!", "Inji ya mutu!" Wanda injinsa ya mutu shi ake ba hanya. Rimot na zamani mai 2.4 GHz ya raba mu da matsalar da ake yi a da, lokacin da mutum biyu kan tasha ɗaya ke kayar da jiragen juna, amma duk da haka ba ma barin fiye da uku a sama lokaci guda. Kafin kowane jirgi ya tashi sai an kashe rimot an ga injinsa ya tsaya da kansa.

Batirin LiPo, irin wanda jiragen nan ke amfani da shi, ma sai an yi masa doka, ga zafin ƙasarmu. Kowane gida na cikin batirin cikarsa volt 4.2 ne, idan za a ajiye shi a bar shi wajen volt 3.8. Ba a barinsa cikin mota a rana, ba a sa caji a tafi masallaci, wanda ya kumbura kuma ya gama aiki. Bokitin yashi ya kasance a fili kullum.

Sai kuɗinku. Ku sayi jirgin ƙungiya guda ɗaya mai fiffike a sama, irin mai tafiya a hankali, da rimot biyu iri ɗaya kamar FlySky FS-i6, da wayar da ke haɗa su. Malami yana riƙe da ɗaya, ɗalibi da ɗaya, in abu ya rikice malami ya saki makunni ya karɓe tuƙi. Sabon shiga yakan rikice ne lokacin da jirgi ya juyo yana fuskantarsa, dama ta koma hagu. Wanda ya fasa jirgin da ya yi makonni yana mannawa a tashin farko, da wuya ka sake ganinsa.

Ragowar kuɗin ku buɗe asusun ɓarna. A Amurka ƙungiyar masu tashin ƙananan jirage ta AMA, wadda aka kafa a 1936, tana ba membobinta inshora. Mu a ƙungiyarmu karo-karon wata muke yi, don ranar da jirgi ya fasa gilashin motar wani ko ya faɗa rufin gida a je a ba da haƙuri a biya a ranar, ba a jira sai an kai ƙara wurin mai unguwa ba.