Amsar tambayar Kawu kan gaisuwar mutanen Ailan

Kawu, barka da warhaka, ya iyali? Ka tambaya ko mutanen nan suna da gaisuwa tasu ban da ta Turanci, da yadda mu da muka zauna muke yi da ita.

Suna da ita. Harshensu na gado, Gelik, shi tsarin mulkin 1937 ya sa a gaba, Turanci na biye, amma a bakin jama'a abin ya juya. A ƙidayar 2022 kusan mutum miliyan 1.9 suka ce sun iya shi, masu yin sa kullum a wajen makaranta kuwa ba su wuce 72,000 ba. A Dablin, babban birninsu, ya fi yawa a allunan hanya. Sai ka nausa yamma, Konemara ko Donegal, ka ji tsofaffi na yin sa a shago.

Mu 'ya'yanmu ne suka shigo mana da shi gida, don darasi ne na dole a makaranta. Sallamarsu "Dia duit", wato Allah ya kasance tare da kai. Wannan ba wanda ya yi gardama a kai. Amsar ce ta tada ƙura a tsakanin iyaye, domin mai amsawa yakan ƙara sunan Maryam, "Dia is Muire duit", wani ma ya haɗa da waliyinsu Fatarik. Wasu suka ce a hana yara baki ɗaya. Ni a ganina abin bai kai can ba. A gidana yaro yana mayar da "Dia duit" ɗin da aka yi masa, ya tsaya nan, kuma malamarsu ba ta taɓa cewa uffan ba.

Tarbar baƙo kuwa, suna alfahari da "céad míle fáilte", maraba dubu ɗari. Amma fa kada ka faɗo gidan mutum ba ka buga waya ba. Kana zama za a ɗora shayi. Ka ce a'a, a sake tayi, ka sake, a nace, kunya irin tamu sak. Ba a tambayar gajiya da kwanan iyali ɗaya bayan ɗaya, ruwan sama ake tattaunawa.

Tsawon gaisuwarsu a bankwana yake. A tsaya a bakin ƙofa, riga a jiki, hira ta ƙi ƙarewa, kafin mai gida ya ce "slán abhaile", a sauka gida lafiya.

A gaida Inna da yara.