Ruwa ya tsuge ina kan hanya: in tsaya ko in ci gaba?

Malam, ka ce ruwa ya tsuge maka tsakanin Zariya da Kano har ba ka ganin gabanka. Ni dai in waifa ta kasa share gilashi, tsayawa nake yi, amma a gidan mai, ba a bakin titi ba, don direban tirela ba lallai ya hango ka ba. In kana ɗan gani, kunna ƙaramar fitila, babbar kashe maka ido za ta yi. Sassauta gudu, ka bar tazara sosai. In ka ji sitiyari ya yi sakayau, taya ce ke yawo bisa ruwa: ɗaga ƙafa daga totur, kar ka danne burki.