Hukuncin Aikin Zuƙe Kitse Daga Jiki

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni matar aure ce a unguwar Birni, nan Damagaram. Bayan haihuwa teɓa ta fito mini, cinyoyina kuma sun yi nauyi, har an ba ni shawarar in yi aikin zuƙe kitse. Shin ya halatta?

Amsa: Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. 'Yar'uwa, sai an san abu ake yanke masa hukunci. A wannan aiki likita yana ɗan tsaga fata, ya ɗura ruwan gishiri haɗe da maganin kashe zafi da na tsuke jijiyoyin jini, hanyar da likitan Amurka Jeffrey Klein ya bayyana a 1987, sannan ya zura siririn bututun ƙarfe ya zuƙo kitsen da ke ƙarƙashin fata. Bututun ba ya kaiwa ga kitsen da ya kewaye hanji, saboda haka aikin ba maganin ciwon suga ba ne, kuma hatsarinsa yana ƙaruwa idan abin da aka zuƙo ya wuce lita 5, domin gudan jini ko na kitse na iya toshe jijiyar huhu.

Shari'a ta bambanta kawar da cuta da neman ƙarin kyau. Annabi (SAW) ya umarci Arfaja bin As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sanya na zinariya, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, alhali aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta sanya canza halittar Allah cikin umarnin Shaiɗan. A kan wannan ne Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na birnin Putrajaya, ƙasar Malesiya, a 2007, ta halatta zuƙe kitse idan ƙibar ta kai matsayin cuta, babu wata hanya sai tiyata, kuma an aminta daga cutarwa.

To idan nauyin yana hana ki tafiya, ko fatarki tana gogar juna har ta yi gyambo, kuma rage abinci da motsa jiki sun gaza, ya halatta miki, da sharaɗin ƙwararren likita amintacce ya tabbatar da buƙatar, a yi aikin a asibiti mai kayan ceton rai, a gabatar da likita mace in ta samu, kuma kada a buɗe al'aura fiye da wurin aikin. Amma in siffar da kike gani a hotunan waya kike nema, ban ga halaccin jefa ranki cikin wannan hatsari ba. Allah ne Mafi sani.