Sai Ya Sa Hannu

Wai tambayata kake ko dole ne mai littafi ya sa hannu a kwafin gwaji, wato wanda muke nuna masa kafin mu buga littafin, tunda na yara ne, shafi ashirin kacal. Kai yaro, zauna.

Ka karanta Magana Jari Ce? Na san ba ka karanta ba, waya ta cinye ku. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina. Bayan Ruwan Bagaja, wanda ya shiga gasa da shi a 1933, aka ɗauko shi zuwa Zariya ya rubuta wa 'yan makaranta wannan littafi a 1936. Da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, shi aka ba edita. Da littafinsa muka iya karatu, yadda muka ga kalma a shafi kuwa haka muka riƙe ta har yau. Babba in ya ga "kafa" ya san ƙafa ake nufi. Yaro ba ya musu da abin da aka buga, haddacewa yake yi.

Wani mai makarantar kuɗi ya taɓa kawo mini littafin tatsuniyoyi, an buga masa a kwamfuta, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ ko guda. Na ce Alhaji, a gyara tukuna. Ya ce hutu ya kusa ƙarewa, a buga haka. Da baki ya faɗa, ni kuma na yarda, don sahu ɗaya muke sallah. Kafin alƙalamin da ya ba ni ko takarda bai saya ba, sai da na ci bashi. Kwana huɗu injin buga littafi bai huta ba. Ranar da malamansa suka fara dariyar "bera ya bata daki", sai ga kwalayen littattafan an dawo mini da su a kura, wai ni na cire lanƙwasar! Na kai ƙara, alƙali ya ce ina shaida? Shekara biyu ina biyan mai takarda, shi kuwa har Umara ya je a shekarar. Kwalayen suna nan a sito, gara na ci.



Ɗauki kwafin ka kai wa mai littafin yaran nan. Kowane shafi ya sa hannu da biro, har bango. In ya ce sauri yake, dawo mini da shi, ba zan tayar da injin ba.